Ƙwayoyin da ke aljihun Baba

Yaya, na tafi asibiti, ban so in tashe ka ba.

Ɗazu ina wanki na tsinci ƙwayoyin tsinka jini a aljihun rigar Baba, duk sun jiƙe. Ashe ba ya sha. Da na tambaye shi sai ya yi dariya, wai ai an riga an yashe masa rijiya, kuma maganin yana sa dasashinsa zubar jini.

Ba ka nan ranar da likita ya nuna mini hoton zuciyarsa. Jijiya ɗaya kawai bututun da suka zura masa ya buɗe, ɗayar ta ƙi. Ya ce ɗan ƙarfen da suka bari a ciki, in babu maganin, jini na iya daskarewa a jikin ƙarfen farat ɗaya. Zan gaya wa likitan komai.

Don Allah kar ka yi wa Baba faɗa. Ba shi maganin yau, ka tsaya har ya haɗiye. In ya dafe ƙirji, ku taho, kar ku jira ni.

Yaya, na ji shi yana yi wa hoton marigayiya Mama magana. Cewa yake, "Na kusa, Hajiya."

Autarku