Wadda Ta Tsaya a Bakin Ƙofa

Chiayi,
Sha biyu ga watan tara.

Zuwa ga yayana Ching-piao,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi daga autarku Yue-jiao. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Yaya Li-chu da yara. Jiya na kunna turare a gaban gunkin Uwa Mazu mai tsaron matafiya, na ambaci sunayenku ɗaya bayan ɗaya, na roƙa muku lafiya da kasuwa mai albarka a can São Paulo, na kuma roƙa maka sauƙin ciwon gwiwar nan da ya hana ka hawa jirgi. Mu nan lafiyar jiki kam da sauƙi. Maigidana ya koma gonar abarba, 'yata Pei-shan cikinta ya shiga wata bakwai, ni ma na sake buɗe shagon karin kumallo, ko da yake sau biyu ke nan ina zuba gishiri a madarar waken soya maimakon sukari. Yau kwana arba'in da ɗaya da rasuwar 'yar'uwarmu Yaya Yin, har yanzu in na ji ƙarar keken ɗinki irin nata a wani gida sai ƙafafuna su tsaya.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne a waya kai ke magana ni ina cewa to, haka muka saba tun muna yara. Wannan maganar kuwa ina so ka ji ta har ƙarshe kafin ka ce komai. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya. Maganar allon sunan Yaya Yin ce, allon nan da ake kafa wa mamaci don a riƙa kunna masa turare. Kai da Baffa na Uku kun yanke cewa tunda ba ta yi aure ba, allonta ba zai hau teburin kakanninmu ba, a ranar cika kwana ɗari za a kai shi ɗakin ibadar nan na kan tudu inda ake ajiye allunan matan da suka mutu ba miji. Ni ma a lokacin na ce to. Yanzu ba zan iya ba, ga kuma abin da ya sa.

Ka tuna Bi-hsia, mai askin nan da Yaya Yin take haya a gidanta shekara talatin da ɗaya? Wadda kake kira Soja saboda gajeren gashinta. Tun ranar da jijiyar jini ta fashe a ƙwaƙwalwar Yaya, ita ta kai ta asibiti, ita ta kira ni. Duk kwanakin makoki tana nan, tana naɗe furannin takarda, tana kai wa Yaya ruwan wanke fuska da shinkafa safe da yamma kamar yadda ake yi wa mamaci, ba ta yarda wani ya karɓe ta ba. Ranar fitar da gawa sai ga wasu tsofaffi su goma sha uku, mata goma sha ɗaya, maza biyu, suka ce 'yan ajin waƙar Laraba ne. Ka san ajin nan da Yaya take zuwa kowace Laraba da yamma, wanda muke mata tsiya cewa shekara talatin tana koyo har yanzu agwagwa ta fi ta murya. Suka rusuna, suka kunna turare, na yi musu godiya. Da aka ɗaga akwati za a tafi wurin ƙona gawa, kowa ya bi, har su. Na waiwaya sai na ga Bi-hsia tsaye a bakin ƙofa, hannuwanta a gefe, ba ta ɗaga ƙafa ba.

Yayana, raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na bar layi na koma, a gaban mutane na ce mata ashe duk hidimar nan ta ganin ido ce, mai haya ta mutu ɗaki ya fita, ko rakiyar ƙarshe ba za ta iya ba. Na ce mata ko kare aka zauna da shi shekara talatin ai a raka shi. Ta sunkuya mini har ƙasa, ta ce in yi sauri mota na jira. Magana zarar bunu ce, na zare ta, na tafi ina ganin na ƙwato wa 'yar'uwata haƙƙi.

Bayan mun dawo, ana cin abinci, ɗaya daga cikin mazan nan biyu, wani tsohon malamin makaranta da ake kira Malam Chiu, ya zo ya zauna kusa da ni. Ya kira ni ƙanwa, ya ce shi ba zai faɗa mini komai ba don ba shi da izini, amma yana da tambaya guda. Ya ce ranar da aka fitar da mahaifinmu, waye ya tsaya a bakin ƙofa bai bi gawa ba. Na ce Mama mana, ai mata ba ta raka mijinta, miji ba ya raka matarsa. Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Tsinken cin abinci ya suɓuce daga hannuna. Malam Chiu ya ɗauko mini wani, ya rubuta adireshi a bayan takardar goge baki, ya ce Laraba ƙarfe biyu, in ina so.

Laraba uku ina zuwa bakin titin ina komawa gida. Ta huɗu na hau. Ɗaki ne a saman wani shagon maganin gargajiya, da teburi dogo da butar shayi da waya a kusurwa. Ba ajin waƙa ba ne, yayana. Ƙungiya ce ta matan da ke son mata da mazan da ke son maza, yawancinsu sa'anninmu ko sun girme mu. Sun kafa ta tun lokacin da ko a cikin ɗaki ba a faɗin irin wannan magana da ƙarfi. In ɗaya ya kwanta ciwo su ke karɓa-karɓa a asibiti, in an kori wani daga gida su ke nema masa wurin kwana, wayar nan kuma ta masu kira ce, waɗanda ba su da wanda za su gaya wa. Yaya Yin ita ke riƙe da wayar duk Laraba. 'Yar'uwarmu da ba ta iya tambayar farashin kifi a kasuwa sai ta turo ni. Sun ce akwai wata uwa daga Yunlin da ta kira tana zagi don ta gano halin ɗanta, Yaya ta saurare ta har ta gaji, ta ce mata ta je ta ci abinci tukuna ta sake kira, za ta same ta. Matar nan ta yi shekara shida tana kira.

Na zauna kamar an dasa ni. Wata mai ƙiba da ake kira A-man, tana sayar da kaji a kasuwar gabas, ta turo mini faranti ta ce in ci, in na suma ba mai iya ɗaga ni a cikinsu, duk bayansu ya mutu. Na tambaye ta to waƙar fa. Ta ce waƙa kam suna yi in za a tashi, kuma in kwantar da hankalina, ba a cuce ni a nan ba, muryar yayata ta fi yadda nake zato muni, har mai maganin ƙasa ya taɓa hawowa ya tambaya ko wani ne ba lafiya. Suka yi dariya, wasu na share ido. Ni ban iya dariyar ba. Ina ta kallon kofin da aka rubuta sunan Yaya a jikinsa, an kife shi a kan tire tare da nasu.

Suna da wata al'ada. Kowa a cikinsu yana rubuta abin da yake so a yi in ya mutu, a rufe a ambulan, Malam Chiu ya ajiye. Kuma dokarsu ce in sun je jana'iza su 'yan ajin waƙa ne, ba sa tona wa mamaci asiri sai da yardarsa. A bayan ambulan ɗin Yaya an rubuta cewa a ba Jiao, wato ni, in ta zo da ƙafarta, in ba ta zo ba a ƙyale ta da zaman lafiyarta. Rubutunta ne, irin mai karkata hagu ɗin nan. Abin da ke ciki bai fi layi takwas ba. Ta ce ita da Bi-hsia sun sha shayin aure su biyu a shekarar da Baba ya rasu. Ta ce da hukuma ta buɗe ƙofar yin rajistar irin wannan aure Bi-hsia ta roƙe ta su je, ta ƙi, don sunan zai fito a katin shaida, Mama kuma tana raye, bayan Mama kuma sai ta ji kunyarka. Ta ce ba ta son tudu, ba ta san kowa a can ba. Tana so a kai allonta gida. Gida ta rubuta, ba ta ce gidan Bi-hsia ba, don a wurinta can ne gida.

Ni abin da ya fi girgiza ni ba wai mace ta so mace ba ne, wannan ina gani a talabijin kamar kowa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne shekara talatin da ɗaya ina shiga gidan nan. Na ga gado ɗaya aka shimfiɗa, ɗaya ɗakin cike da yadi. Na ga Bi-hsia tana cire mata ƙaya daga kifi. Kowace sabuwar shekara Yaya takan ci abinci da mu da sauri ta ce za ta je ta duba mai gidan haya, ita kaɗai ce, mu kuma mu ce Yin akwai tausayi. Sau nawa na kawo mata hoton wani bazawari a gaban matar nan, har ina ce wa Bi-hsia ta taya ni lallashi? Rashin sani ya fi dare duhu, amma ni ban san ko rashin sani ne nawa ko ƙin sani ba.

Da na fito, gidan Bi-hsia na wuce. Na same ta tana share gashi a shago. Na durƙusa, ta jefar da tsintsiya ta kama ni, ta ce in tashi maƙwabta na kallo. Na ce ta yafe mini. Ta ce ba abin yafewa, ita ma ta yi ta tunani ko ta bi gawar don kada a gane, amma abu ɗaya ke nan na matar aure da ya rage mata wanda ba sai ta nemi izinin kowa ba, shi ya sa ta tsaya. Ba ta roƙe ni allon ba. Sai da na shiga ciki na ga ta share gefen teburin kakanninta, ta goge, ta bar wurin fili.

Don haka ga abin da na yi, kada ka ji a bakin wani. Shekaranjiya na je wurin Baffa na Uku na ce a fasa maganar tudu. Ya ce to ina za a kai ta, ai dokar kakanni ba ta canzawa don kukana. Na ce ban nemi a canza ba, dokar ce ta ce 'yar da ta yi aure allonta gidan aurenta yake zuwa, Yaya Yin kuwa ta yi aure. Ya ce shi kunnensa ya yi nauyi bai ji me na ce ba, in Ching-piao ya yarda shi ba ruwansa. Saura kai ke nan. Kai ne babba, ba na so in ɗauki allon nan a ɓoye kamar kayan sata, an yi ɓoyon ya isa. Amma ranar cika kwana ɗari zan ɗauke shi da hannuna in kai shi inda ta ce, 'yan Laraba za su raka ni. Ina roƙonka ka sa albarka. In ba za ka iya faɗa a waya ba, ka sa Yaya Li-chu ta faɗa mini.

Ka gaishe mini da Yaya Li-chu, ka ce busasshen naman da ta tambaya yana tafe. Ka gaida yara, Wen-hsiung da matarsa, da Hsiao-tung, da jikanka mai sunan da na kasa furtawa. Maigidana da Pei-shan suna gaishe ku. Da na gaya wa Bi-hsia zan rubuto maka, ta tambayi gwiwarka, ashe man zafin nan da Yaya take aiko maka duk shekara ita ke haɗa shi. Ta ce ba ta sani ba ko ya halatta ta aiko maka da gaisuwa. Na ce ni dai zan rubuta, amsawa kuma taka ce. To ga ta nan: surukarka Bi-hsia tana gaishe ka.

Ni ce ƙanwarka,
Yue-jiao