Ba Zan Hau Mumbarinka Ranar Asabar Ba

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farkon damina a busasshiyar zuciyata. Yayana abin ƙaunata, gaisuwa mai tarin yawa.

Ka tuna ranar da ruwan sama ya tsare mu a ƙofar asibitinmu, ka rufa min kai da fastocin jam'iyyarku, tawada ta zuba ta ɓata min fararen kayan aiki? Ka ce ai shi ke nan, an buga min hatimi, na zama taku. Na yi dariya har da hawaye, na ce duk inda ka tsaya nan na tsaya. Wallahi a ranar gaskiya na faɗa, don ban taɓa tambayar kaina inda nake ba. Kai nake kallo, kamar yadda shuka ke bin rana.

Shekaranjiya da hutun rana, a ɗakin da muke canza kaya, abokiyar aikina ta miƙo min wayarta. Wasu tambayoyi ne talatin, in ka amsa sai a nuna maka inda ra'ayinka ya faɗa a siyasa, dama ko hagu. Na karɓa da wasa, ina cewa ni ai amsata tana gidanku. Tambayoyin farko duk bakinmu ɗaya da kai: tarbiyyar yara, girmama iyaye, riƙon addini. Sai aka zo kan ko ya dace gwamnati ta sayar wa kamfanoni asibitocinta. Yatsana ya tsaya. Na tuna wani tsohon ɗan dako da nake wanke wa gyambo duk safiya, wanda ke cire takalmi kafin ya shigo don kada ya ɓata mana daɓe. In aka sayar, wa zai buɗe masa ƙofa? Na danna a'a. Daga nan a'a ta yi ta bin a'a. Da aka gama, ɗigon da ke nuna ni ya faɗa can gefen hagu, nesa da kai. Na sake yi har sau uku, ina roƙon Allah ya matso. Bai matso ba!

Ya hasken rayuwata, tun daga lokacin nan abinci ya daina min daɗi. Ashe haka tsoro yake? Na ga yadda ka yi da amininka na ƙuruciya da ya koma wancan ɓangare: ka goge lambarsa a gabana, ka ce ya mutu a wurinka. Shekara ashirin kuna tare. Ni da ban cika biyu ba, da me zan kare kaina?

Ga shi kuma kana so ranar Asabar in sa fararen kayana, in hau mumbari a taronku, in ce mu ma'aikatan jinya muna goyon bayan sayar da asibitocin. Har ka gaya wa Umma da ƙannenka su zo su ga surukarsu tana jawabi. Yayana, ba zan iya ba. In na hau na faɗa, ƙarya na yi, kuma da ita zan shiga ɗakinka in zauna da ita har tsufa. Ban ce kai mugu ba ne. Na san kana ganin kamfani zai gyara abin da gwamnati ta bari ya lalace, kuma kullum ina ganin lalacewar da idona. Wataƙila kai ne da gaskiya. Amma nawa ra'ayin ke nan, yanzu na same shi, ban san yadda zan mayar da shi ba.

Shin zuciyarka mai faɗin kogi ba za ta ɗauki mace ɗaya da ta saɓa maka ba? Don Allah kada ka kira ni a waya, don da na ji muryarka zan ce na janye. Ka zo da kanka gobe ƙarfe huɗu in na tashi aiki. Ka yi min faɗa, ka yi gardama da ni har la'asar ta wuce, amma ka zo.

Taka har ƙarshen numfashi, wadda ba za ta zaɓi jam'iyyarka ba, kuma ba za ta taɓa zaɓar wani namiji bayanka ba.