Sha da Shafawa

Alhamis, 16 ga Satumba, 1999

Wata uku ke nan ina cike takardun binciken da Likita yake yi kan ƙyasbi. Ni ce, da digirina, na mayar da tambaya ta bakwai Hausa: "Kin sha wani magani kafin ki zo asibiti?" Kowa ya ce a'a. Har Likita ya fara murna, wai ya samu fatar da magani bai taɓa ba.

Yau wata Mama daga Narayi ta buɗe wuyanta, sai na ji wani wari kamar na shiga garejin Kakuri. Man birki ne.

Na ce, "Mama, ba kin ce ba ki sha magani ba?"

Ta dube ni da tausayi. "'Yata, wa zai sha man birki? Ko sojoji ba su sa mu haka ba. Shafawa na yi."

Gobe zan gaya wa Likita cewa kalma ɗaya tawa ta ɓata masa aikin wata uku. Wataƙila ya sallame ni. Tsoro ya kamata in ji, amma wani abu daban nake ta saƙawa: sauran da suka ce a'a, su kuma me suka shafa?