Birkin Keken Zakariyya

Mpape, Abuja.

Zuwa ga ɗana Tawfiq,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Nabilah, Ya tsare ku daga sanyin Turkiyya da kewar gida. Mu nan sai godiya. Gwiwata ce dai ke halinta, in hadari zai haɗo ita ke fara sanar da ni. Mahaifiyarka Safiyatu ta zo daga Jikwoyi ranar Juma'a, zazzaɓin ya sake ta sarai. 'Yata Kubra ce ke riƙe da biro, tunda ka san baffanka ko sunansa aka rubuta ba ganewa zai yi ba. Ta ce in yi maka magana ta waya, na ƙi. Maganar waya iska ce, wannan kuwa ina so ta zauna a hannunka.

Kubra ta nuna mini hotunan kekuna biyun da ka turo, ta karanta mini saƙonka. Na ji kana so in ka zo da damina ka hau keke daga nan Mpape, ka bi turbar da mahaifinka Zakariyya yake bi ta bayan wuraren fasa dutse, ka ziyarci kabarinsa a ƙauyen su Yamusa, sannan ka yi ta yankar daji kwana uku har ka ɓulla Uke. Allah Ya yi maka albarka. Na kuma ji daɗi da ka ce tsohon mai gyaran keke ne zai zaɓa maka. Amma sunan nan da ka ce ana kiran irinsu da shi, wai keken tsakuwa, ya ba ni dariya. Mu a zamaninmu kowane keke na tsakuwa ne, don kwaltar ma ba ta zo ba tukuna.

To ga abin da na gani. Kan nan mai lanƙwasa kamar ƙahon rago bai yi mini ba, amma tunda ka saba da shi, bar shi. Taya ka nemi mai faɗi, ta haura yatsa biyu, mai haƙora, don bayan dutsen nan akwai yashi akwai laka. An ce yanzu ana yin taya ba tiyub, sai wani ruwa a ciki mai toshe huda. Ban musa ba, amma ƙayar dajin nan ba ta san labarin ba. Ka riƙe tiyub biyu, da faci da sholisho da famfo, da sifana, da ɗan guntun sarƙa. Giya ka tabbatar akwai mai laushi ƙwarai, wadda za ta hau da kai tudu da kaya ba ka sauka ba. Kaya kuma kada ka tara su a baya su yi tozo. Mai nauyi a sa shi tsakiyar keke, ƙasa ƙasa, tsakanin ƙafafunka, tufafi da abin shimfiɗa su ne na gaba da baya. Gorar ruwa uku. Hular kwano kuma, ko da za a yi maka dariya.

Saura birki, kuma don shi na sa aka ɗauko biro. Ka ce zuciyarka ta fi kwantawa da baƙin keken, mai birkin roba da ke kama bakin ƙarfen taya, saboda ya yi kama da na mahaifinka a hoto, kana kuma zaton ni ma shi zan zaɓa tunda na tsani sabon abu. Gaskiya ne na tsana. Amma ranar Talata na sa Kubra ta kai ni wurin Friday, wanda ke gyara kekunan masu fita motsa jiki a cikin gari, na tafi da butata cike da ruwa. Ya yi ta dariya, yana cewa oga ya zo yi wa keke alwala. Na sa ya fito da iri biyun. Na kwarara wa mai roba ruwa, ya hau ya gangara, ya matse, sai da tayar ta ƙara juyawa kafin ta kama. Na kwarara wa mai faifan ƙarfe a tsakiyar taya, ya matse, ta tsaya cak. Sau uku ina sa shi. Gani ya kori ji. Ka sayi mai faifai, Tawfiq. Ka bar baƙin.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina gaya wa kowa cewa santsin laka ne ya kayar da mahaifinka. Ni ne mai riƙe labarin gidanmu, na san wanda ya haifi wane har kaka bakwai, ba a taɓa kama ni da ƙari ko ragi ba, sai a wannan guda ɗaya. Lokacin kana goye. Zakariyya yana sarin doya daga manoman bayan dutse, ya kawo nan ya sayar. Robar birkinsa ta cinye, ya zo rumfata ya ce zai shiga kasuwa ya sayo sabuwa in sa masa. Na hana shi. Na ce ta kanti ba ta da ƙarko, aikin hannuna ya fi ta. Na yanko daga tsohuwar tayar tifa, na fere ta, na ɗaura, kamar yadda na saba yi wa masu yawo cikin unguwa. Ya gwada a ƙofar rumfa, ƙasa a bushe, ta kama har da ƙara. Ya ce shi dai hankalinsa bai kwanta ba. Na ce masa yaushe aka haife shi da zai koya mini keke. Ƙanena ne, ya hau kekensa ya tafi.

Kwana uku bayan nan ruwa ya tare shi a gangaren da ke sauka rafi, da lodin doya a baya. Yamusa, wani manomin ƙauyen da ke kusa, shi ya tsince shi da hantsi. Rafin ya cika ba halin ƙetarewa da gawa, sai Musulmin ƙauyen suka yi masa sutura, Yamusa kuma, da yake Kirista ne, ya ba da gefen gonarsa, ƙarƙashin wata kaɗanya. Da ruwa ya janye na isa, ya miƙo mini keken da takalmin Zakariyya na dama. Takalmin ya huje a tsakiya, inda ya danna shi a kan taya yana neman tsayawa. Na shafa robar da na yanka, sulɓi kamar sabulu. Na kwance ta na sa a aljihu ba wanda ya gani. Tana cikin gwangwani a ƙarƙashin gadona har yau.

Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma sanadi a hannuna ya biyo, kuma girman kai ne ya yanka robar nan. Ranar Juma'ar da mahaifiyarka ta zo na gaya mata. Ta ce ita ta yafe nata, naka kuma ba ta da ikon yafewa a madadinka. Kubra ma yau ta fara ji, ga shi sai da muka dakata ta wanke fuska.

Gangaren nan yana nan yadda yake, kuma da damina ka ce za ka zo. Na ba shi ƙanena, ba zan ba shi ɗansa ba. In ka iso gare shi ka sauka ka tura keken, ko da birkin ya fi na jirgi. Yamusa ya tsufa amma yana raye, ya ce ɗansa Timothy zai jira ka a bakin rafi ya kai ka kaɗanyar. In ka yafe mini, ka fara biyowa ta nan da keken. Ba zan taɓa shi da sifana ba, ruwa kawai zan zuba masa da hannuna in ga ya tsaya, in kuma ba ka gwangwanin ka yi yadda ka ga dama da shi. In ba ka yafe ba, ban ga laifinka ba, ka wuce ba sai ka gaishe ni ba. Amma ka sayi mai faifai.

Ka gaida Nabilah da kyau. Mahaifiyarka na gaishe ku, da Kubra da mijinta Salisu, da gwaggonka Muhibba wadda ta ce kada ka dawo mata a rame. Friday ma ya ce a gaida mai keken tsakuwa. Allah Ya jiƙan Zakariyya, Ya kawo ka lafiya, Ya sauke ka gangaren nan da ƙafafunka.

Ni ne baffanka,
Manniru Mai Keke