Kawuna Ya Raka Ni Sayen Mota, Ashe Rakiyar Ta Kuɗi Ce

Goggo,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin watan nan ya ƙare, domin na sayi sabuwar mota amma har yau a motar haya nake zuwa aiki.

Bari in fara da mai daɗin, don ko yanzu da nake rubutun nan murmushi nake yi ni kaɗai a ofis. Fijo ce 504, fara sol, kujerunta ko leda ba a cire ba. Na shiga na zauna na kama sitiyari, ƙamshin sabunta ya buge ni. Ni da na yi digiri a kan tattalin arziki, na sha rubuta wa malamaina cewa mota ba kadara ba ce, sai ga ni ina shafa ƙofarta ina yi mata sannu.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka dawo da ni gida Gumel, aikina shi ne duba azuzuwan yaƙi da jahilci na mata, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar har Maigatari. Ba na jin akwai akuya a yankin nan da ba mu taɓa haɗa kujera da ita ba. Akwai ranar da aka ɗora mini buhun barkono a cinya tun daga tasha, na isa taron manya ina atishawa daga buɗe taro har addu'ar tashi. Saboda haka da bashin mota na gwamnati ya fito, na haɗa da kuɗin shanun da na gada daga mahaifina. Tuƙi ma na koya, a filin ƙwallon firamaren unguwarmu. Yara sun san lokacina, suna hango ni suke kwashe ƙwallonsu.

Inna ta ce mace ba ta zuwa sayen mota ita kaɗai, cutar ta za a yi. Ta haɗa ni da ƙanenta, bari in kira shi Kawu Ɗantala, dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari. Shi ya sayar mini da shanun bai karɓi ko sisi ba. Shi ne kuma ya kai ni jami'a ranar farko, akwatina a kansa.

Muka je Kano wurin wani Alhaji mai sayar da motoci. Kawu ya zagaya motar, ya doki taya da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashinta, saura kaɗan ya buɗe mata baki ya duba haƙora. Aka yi ta albarka, albarka, har Alhaji ya ce ya sallama, suka tafa. Na biya, na miƙa hannu a ba ni makulli.

Sai Alhaji ya ce saura 'yan ƙananan abubuwa. Akwai kuɗin ɗauko ta daga kamfani a Kaduna. Akwai kuɗin sauke ta daga tirela, shi ma daban, kamar da a saman tirelar na yi niyyar in riƙa tuƙa ta. Wankewa da dubawa ma da nasu kuɗin. Lamba da inshora na san da su, sai dai nasa sun yi ƙiba. Da ya zo kan safayar taya da jak, na ce ai da su take fitowa daga kamfani. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malama, ke fa 'yar Gumel ce. In kin sayi sa a Maigatari, da igiyarsa ake ba ki?" Kawu ya gyaɗa kai, wai magana ta yi.

Aka kira la'asar Kawu ya fita masallaci. Nan Alhaji ya kawo na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi: kuɗin wanda ya kawo ni. Ya nuna ƙofar da Kawu ya fita da haɓa. Wai shekara da shekaru haka suke yi, duk ɗan kasuwar da Kawu ya kawo masa daga Maigatari ko Damagaram yana da la'adarsa, kuma a kan mai saye ake ɗorawa. Bai rage murya ba, bai sunkuyar da kai ba, kamar mai gaya mini farashin fetur.

Abin da ya rage a jakata bai kai ba. Ya ce ba komai, in je in dawo, sai dai in wata ya ƙare motar tana wurinsa akwai kuɗin kwana. Wato motata za ta fara biyan haya kafin ta fara aiki. Na yi masa godiya, na ja masa ƙofa a hankali, na fita.

A hanyar dawowa Kawu bai bar fasinja ko ɗaya bai ba shi labarin motar 'yarsa ba, har balangu ya saya mini. Yanzu duk Gumel an ji. Mata na ta shigowa yi wa Inna barka, ita kuma har ta sa an surfa geron sadaka. Juliana, abokiyar aikina 'yar Filato, a wurin mutumin nan ta sayi tata bara, ita kaɗai ta je, ba wanda ya ce mata kuɗin rakiya. Ta ce in koma in ɗaga murya in karɓi kuɗina. Ni kuwa, Goggo, motata nake so, har mafarkinta nake yi. Amma in na biya na yi shiru, ban san da wane ido zan riƙa kallon Kawu ba. In na yi magana kuma ta kai kunnen Inna, ta ce boko ya sa ina tuhumar ƙanenta da sata. Ya zan yi?

Mai Mota Ba Mota, Gumel

*

'Yata Mai Mota,

Barka da arziki tukuna! Wannan abin murna ne, kada ki bari wani mai tebur a Kano ya rage miki ita.

Matsalarki biyu ce kika haɗa su wuri guda, ki raba su. Ta Alhaji mai sauƙi ce. Lamba da inshora dole ne, amma ba dole ta hannunsa ba, ki je ofishin lasin da kanki. Safaya da jak na motar ne, kin faɗi daidai, wanda ya sayar miki da su ya sayar miki da kayanki. Kuɗin ɗaukowa ana biya a wurare da yawa, sai dai kafin a sallama ake faɗa. Na saukewa da na wankewa kuwa gwaji ne, ya ga kina shafa ƙofar motar ya san ba za ki iya barin ta ba. Kuskurenki ɗaya: kin biya kafin ki tambayi nawa ne har makulli ya shigo hannunki. Ki koma da Juliana da rasit ɗinta na bara, ki yi magana cikin sanyin nan naki, ba sai kin ɗaga murya ba. Mai sayar da mota ya fi tsoron mata biyu masu albashi su koma gari suna ba da labarinsa.

Ta Kawu ita ce mai wuya. Ki tuna bakin mutum ɗaya kika ji, kuma mutumin da yake son kuɗinki, a lokacin da Kawu ba ya nan. Yana yiwuwa Kawu bai nema ba, Alhaji ne ya saka don ya saba. Yana yiwuwa abin da zai kai hannun Kawu bai kai rabin abin da aka ce miki ba. Yana kuma yiwuwa ya nema ɗin. A sana'arsa la'ada ba sata ba ce, ita ce abincinsa, kuma ya riga ya yafe miki guda a kan shanu. Amma a Maigatari mai saye ya san dillali dillali ne tun kafin a fara ciniki. Ke a matsayin kawu aka ba ki shi. Nan ne kike da gaskiya, kuma haƙƙinki ne ki ji zafi.

Kada ki bi ta kan Inna. Ki same shi a gidansa, ku biyu, ki gaishe shi yadda kika saba, ki gaya masa abin da Alhaji ya faɗa bayan fitarsa, ba ƙari ba tuhuma. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya: ya sake raka ki, ya ce wa Alhaji a gabanki wannan 'yarsa ce, a cire. Tukwicinsa kuma ke za ki ba shi da hannunki, yadda kika iya, Inna na gani. Dattijo irinsa zai gane ƙofa kika buɗe masa. In ya ƙi, ki biya wannan ɗin kaɗai, ki ɗauko motarki, ki ci gaba da gaishe shi. Kin dai san wanda ba za ki sake tafiya kasuwa da shi ba.

Ki yi wannan a makon nan, kada ki jira ƙarshen wata. Allah ya sa a kashe lafiya, ya kiyaye ki da sharrin ƙarfe, ya bar ku da zumuncinku.

Taki,
Goggo