Igiyar nan ba ta shanya ba ce

Auta,

Na fita, ban tashe ki ba. Igiyar da na ɗaura daga mangwaro zuwa lemon da mahaifiyarki ta dasa, hanya ce na yi wa jajayen tururuwa, su haye su cinye tsutsar da ke kashe shi.

Bayan asuba gyangyaɗi ya ɗauke ni a gindinsa. Sai ga marigayiyar tana tsinkar lemo tana zubawa a gefen zani, tana faɗan na bar bishiyarta ta lalace. Har ƙamshin ɓawon na ji. Da na farka, tururuwa sun kai rabin igiya.

Kada ki shanya ko ɗankwali a kai. In ta sake zuwa, ina so in sami abin faɗa mata.

Babanki