Yayanmu ya ce in goge ainihin hoton Babanmu

Assalamu alaikum Admin da jama'ar gidan nan. A sakaya sunana, akwai 'yan uwana a cikinku. Don Allah ku ba ni shawara, wata magana ce ta tsaya mini a rai, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ni ɗan Argungu ne, amma a Birnin Kebbi nake zaune, ina da ɗan shago a Badariya inda nake gyaran hotuna a kwamfuta. Tsohon hoton da ruwa ya taɓa, ko wanda gara ta ci gefensa, ko baƙi da fari da ake so a sa wa kala, duk aikina ne. Babanmu, Allah ya jiƙansa, masunci ne, a ruwa ya yi rayuwarsa, kuma hotonsa ɗaya tak ne a duniya. Wani mai hoto ne ya ɗauke shi a bakin gulbi tun ba a haife ni ba, babu riga a jikinsa, goransa na iyo a gefe, homarsa ta kamun kifi a kafaɗa, ya rungumo wani ƙaton giwan ruwa yana dariya, ga tsagarsa ta Kabawa raɗau a kumatu. A ƙasan akwatin Innarmu hoton yake shekara da shekaru, har ya yi ja ya fara ɓarewa.

To 'yar babban yayanmu za ta yi aure a wani gidan manya a nan Birnin Kebbi, sai Yaya ya ce yana so a buga kalandar biki da hoton Baba a sama, a kuma yi babban firem na falonsa. Ya je Argungu ya karɓo hoton wajen Inna ya kawo mini. Wallahi murna na yi. Na yi masa sikanin, na cike inda ya ɓare, na sa kala. Manhajar da ke gyara fuska da kanta ma ta ɗauka tsagar nan karce ne, ta shafe ta tas, sai da na koma na dawo da ita da hannuna, layi bayan layi. Har Inna na kira na tambayi kalar wandon, ta ce shuɗi ne da ya koɗe. Da na gama na daɗe ina kallonsa, Baba ne sak, kamar zai ce in miƙo masa wuƙa.

Yaya ya zo ya gani, ya ja kujera ya zauna kusa da ni. Da farko ya ce bai dace a nuna dattijo ba riga ba, na ga gaskiyarsa, na ɗauko hoton wani kwastomana, dillalin shinkafa daga Ambursa, na ɗora kan Baba a kan babbar rigarsa. Sai ya ce ai mai babbar riga ba ya rungumar kifi, a cire. Na cire. Ya ce gulbin ma ba shi da amfani, a sa labule da kujera. Ya ce a sa hula. Ya ce a ɗan ƙara masa haske, wai rana ce ta ƙona shi. Ina yi ina tsaki a ciki, amma yayana ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya kai ni koyon aikin nan, ban iya yi masa musu. Da ya zo kan tsagar ne na cire hannuna daga kwamfutar, na ce Yaya wannan kam a'a. Ya ce in ban yi ba zai kai wani shagon, su ba ubansu ba ne balle su ji ciwo. Na danna, manhajar ta shafe aikin da na sha wahala a kansa cikin ƙiftawar ido. Abin da ya rage wani Alhaji ne fari sumul, da agogo da zoben azurfa, mutumin da ko kifi aka soya a kusa da shi sai ya toshe hanci.

Aka buga kalanda aka fara rabawa tun kafin biki, jikoki suka kai wa Inna ɗaya suka rataye mata a ɗaki. Wata yayarmu mace ta ce da Inna ta gani sai ta matso, ta sa yatsa tana shafa kumatun, ta ce, "Wanga wa na? Ina tsagatai? Wanga ba ubanku na ba." Ta dubi hannun ta ce mijinta hannunsa kamar itace yake don jan homa, wannan kuwa ko guga bai taɓa ja ba. Ta juya kalandar ta fuskanci bango, amma duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya juyo da ita, ya ce Allah ya jiƙan Alhaji. Alhaji fa! Baba ko Sakkwato sai da dalili yake zuwa.

Inna ta aika wa Yaya ya mayar mata da hotonta, ya ce wai ya ɓata a mota. Ni dai ban yarda ba, amma ba ni da shaida. Ke nan yanzu ainihin fuskar Babanmu ba ta ko'ina a duniya sai cikin kwamfutata, inda na ajiye gyaran farko. Inna ta kira ni ta ce in buga mata babba, ba kuma ɓoyewa za ta yi ba, a zaure za ta rataye, kowa ya ga wanda ta aura. Maganar ta kai kunnen Yaya, ya zo shagona ya yi ta faɗa har maƙwabcina mai gyaran waya ya leƙo. A nan ne na ji ashe ya gaya wa surukan nan cewa Baba ɗan kasuwa ne mai fataucin hatsi. Ya ce ni ban san komai ba, ni ba a taɓa toshe hanci a aji ana kirana mai ƙarnin kifi ba, kuma in hoton nan ya fita ya zama maƙaryaci a gaban mutane, auren 'yarsa na iya lalacewa. Na ce to Yaya, kifin nan ba shi ya ciyar da mu ba? Ya ce in rufe masa baki. Sharaɗinsa shi ne kafin biki in goge hoton a gabansa, in kuma dafa Alƙur'ani cewa ban ajiye kwafi a ko'ina ba, in na ƙi, babu ni babu shi har abada.

Na san wasu za su ce in tura a filashi in ɓoye, to rantsuwar fa? Wasu za su ce in buga wa Inna ƙarami a asirce, ba ku san Inna ba ne, kuma ɗakinta ba ya rabuwa da mutane. Yarinyar da za a aurar ba ta yi mini komai ba, ba na so in zama sanadin kukanta. Amma abin da ke ƙona mini rai, 'yata ƙarama ta ga kalandar ta ce ga Kaka, da na buɗe mata na gaskiyar a kwamfuta sai ta ce, "Abba, wane ne wannan mai kifin?" Tashi na yi na fita waje.

Jiya da hantsi Inna ta sake kirana. Ba faɗa ta yi ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Auta, ka kawo min shi da wuri. Na ruhe ido in tuna huskatai, sai wanga mai hula yaz zo min."

Jama'a, bikin ya matso, Yaya na jiran in kira shi ya zo a goge, Inna na zaune tana jiran mota daga Birnin Kebbi. In goge Babana don in tsira da yayana, ko in kai wa tsohuwar nan mijinta tun tana iya gane shi? Don girman Allah ku faɗa mini abin da za ku yi in ku ne.